Jarkar Marigayi Tana Kan Layi

Ranar Litinin da hantsi famfon unguwarmu ya yi tari. Bai kawo ruwa ba, tarin kawai ya yi, irin na tsohon da ya daɗe yana shan taba. Kafin ya rufe baki wani yaro ya kwarma ihu, "An kawo!" Mata suka bar tukunya a kan wuta, tela ya bar keke. Ni ma da girmana na sunkuci jarka na fita, sai aka ce in koma baya, akwai layi. Na duba, babu mutum ko ɗaya a gabana. Jarkoki ne a jere, an zura musu igiya ta hannu, tun daga bakin famfo har kwanar masallaci.

Ta farko ta wani dattijo ce da ya rasu bara waccan, Allah ya jiƙansa. Na ce wa tsohon da ya naɗa kansa sarkin layi, "Baba, ai mai wannan ya riga mu gidan gaskiya." Ya kalle ni sheƙeƙe ya ce, "Shi ya rasu, ɗana. Jarkar ka ji an yi mata salla?"

Ashe magada sun zauna a kanta. An raba gona, an raba gida, awaki ma kowa ya ja nasa, da aka zo kan gurbin layi magana ta cije. Babban ɗa ya ce shi ya ɗauko ta ya ajiye da hannunsa. Ƙannensa mata suka ce su ne masu ɗiban ruwan gidan tun suna 'yan firamare. Aka bar ta a wurin kafin a samu maslaha. Rana ta cinye ta, rawayar ta koma fara, gindin ya tsage, ko ruwan ya zo ba za ta riƙe cikin moɗa ba. Duk da haka in iska ta kayar da ita, mai wucewa yakan tsaya ya tayar da ita cikin ladabi. Na ji ana cewa wani saurayi ya je neman aure, aka tambaye shi sana'a ya ce babu tukuna, amma jarkarsa ce ta huɗu. An sa rana.

To, me ya kashe famfon? Mai gyara ya zo ya duba, ya ce injin lafiya lau, farantan sola suna nan, wata waya ce ta ƙone da wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba. Abin da gidajen layinmu ke ba 'yan ga-ruwa a mako guda ya isa a gyara har a sayi goro. Mai unguwa ya kira taro a yi karo-karo. Wani Alhaji da ke da motoci biyu ya gyara zaman hula ya ce, "Allah ya ja zamanin mai unguwa, ai kayan gwamnati ne." Kowa ya ce gaskiya ne. Aka yi fatiha aka watse.

Wace gwamnatin? Kansila ya ce aikin mazaɓa ne na ɗan majalisa. Ɗan majalisar ya faɗi zaɓe ya canza lamba. A sakatariya an ce a rubuto, an rubuta, an ce mai karɓa ya je ta'aziyya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne muna wannan rawa a Dutsin-Ma, garin da madatsar Zobe ke kwance a kudancinsa. A 1983 aka gama ta a kan kogin Karaduwa, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sokoto da Rima, wadda hedkwatarta ke can Sakkwato. A ranar ƙarshe ta wannan shekarar Buhari ya hau mulki yana soja. Ya sauka, ya yi furfura, ya dawo da babbar riga, sannan a Yulin 2021 ya zo ya ƙaddamar da aikin ruwan sha na Zobe. Shekara 38 ke nan. Wanda aka haifa ranar da aka gama madatsar ya kusa aurar da 'ya kafin a yanka ƙyalle. Mutanen da suka yi irin wannan jira, ka ce su tara dubu ɗaya-ɗaya su sayi waya? Ai haƙurin ya riga ya zama sana'a, har da masu gadonta. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. A majalisarmu an yi mako ana fashin baƙin hukuncin, kowa ya zama lauya, ba wanda ya tashi ya leƙa wayar.

Allon aikin kuwa yana nan daram. Ya fi tankin tsayi, ƙafafunsa sun sha siminti fiye da gindin famfon. Akwai sunan wanda ya kawo aikin, da wanda ya roƙo a kawo, da ɗan kwangila, da mai duba ɗan kwangila, da hoton mai girma yana murmushi. Wani abokina ɗan Kurfi ya ce mu gode Allah, su a wani ƙauyensu allon ne ya iso, rijiyar tana hanya. Ya ce allon bai yi asara ba: mai shayi ya kafa tebur a inuwarsa, masu babur sun mayar da shi tasha, in baƙo ya tambayi hanya sai a ce ya sauka a Burtsatse. Har an haifi yara a unguwar Burtsatse. Da damina ta kayar da allon, a yini ɗaya suka tara kuɗin walda, kuma mai shayin ne ya fara ajiye dubu biyu.