Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Asu

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa irin ta maƙwabtaka, tunda ashe ɗaki ɗaya muke kwana ban sani ba. Yau da asuba sanyin Manchester ya sauko, na buɗe kabad na ɗauko kwat ɗina na ulu, wanda sai da na ɗaure ciki kafin na saya, na tarar da shi kamar rariya.

Zaɓenka ne ya fi ci mini rai. Ga rigunan roba na gwanjo nan jere, ko sunsunawa ba ka yi ba. Ga shadda ta auduga, ka ɗauke kai. Sai siliki, sai ulu da gashi, wai a waɗannan biyun ake samun sinadarin keratin. A jikin kwat ɗin ma ba ko'ina ba, sai wuya da hammata, inda gumi ya zauna. Na yi gumi na saya, ka bi sawun gumin ka cinye! Haba Malam, wane irin rashin imani ne wannan?

Na san za ka rantse ba ka taɓa cin zare ba, bakinka ma ba ya aiki. Haka ne. Uwargidanka ce ke zuba ƙwai 40 zuwa 50 a lungu mai duhu, tsutsotsi su ƙyanƙyashe su hau aiki. To 'ya'yan wa? Tsawonka bai cika santimita 1 ba, amma ka tara zuriyar da ta fi ƙarfin albashina. Danginka na zagaya fitila a gaban kowa, kai kuwa gudun haske kake yi, halin ɓarawo.

Ga dardumar falo ma 'ya'yanka sun fara lasa.

Kafur na naftalin da iyayenmu ke cusawa a akwati, Tarayyar Turai ta hana shi tun 2008, na san ka yi biki. A 2021 sai da ƙungiyar National Trust ta saki ƙananan zanzaro a gidan tarihi na Blickling da ke Norfolk, su zuba ƙwansu cikin naka. Ni ba ni da zanzaro, firiza gare ni. Na kwashe kaji da kifi na kai ajiya maƙwabta, sauran kayan ulu za su shiga leda su yi mako 2 a digiri 18 ƙasa da sifili.

In kana da 'ya'ya a hular sanyina, je ka yi musu bankwana kafin magariba.

Naka cikin takaici,
Tsohon mai kwat