Sannunku Da Aiki, Alƙalan Bakin Titi

Sannunku da aiki, alƙalan bakin titi. Allah ya ƙara muku ƙarfin damtse. Jama'a na ta kuka da kotunan ƙasar nan, wai shari'a sai ta shekara goma ana ɗage zama, lauyoyi na cin kuɗi, takardu na shan ƙura. Ku kam kun raba mu da wannan wahala. A kotunku ba a ɗage zama, ba a rantsar da shaida, ba a ɗaukaka ƙara. Mutum ɗaya ya ɗaga murya ya ce "ɓarawo!", kafin mai shayi ya gama sheƙa kofi guda an karanta tuhuma, an yanke hukunci, an zartar. Wane alƙali ne ya taɓa irin wannan hanzari?

Na taɓa halartar zamanku, ganau ne ni. Wata Alhamis ce bayan la'asar, a kasuwar da nake sayen kayan miya. Yaron ba zai wuce shekara 17 ba, aka ce ya zare waya daga aljihun wani. Mai yankan farce ya ajiye almakashinsa ya zo ya ba da gudummawar mari biyu. Ɗan dako ya dire buhun albasa ya shiga da ƙafa. Wani magidanci da ya fito daga masallaci ya mayar da carbinsa hannun hagu don dama ta samu damar ɗaukar katako. Na tambayi wanda ke gefena, yana haki, gumi ya jiƙa masa riga, na ce, "Malam, me ya yi?" Ya ce, "Wallahi ban sani ba, isowata ke nan." Kai, wannan yarda da ɗan'uwa! Mutum ya amince da jama'arsa har ba ya buƙatar jin laifin kafin ya sa hannu. Samari uku kuwa sun ɗaga wayoyinsu sama suna ɗauka, kada wannan aikin lada ya wuce ba a adana shi ba.

An fara kiran a kawo taya ke nan sai wata dattijuwa mai sayar da daddawa ta kutsa cikin taron, ta faɗa kan yaron, ta lulluɓe shi da mayafinta, tana cewa, "To ku haɗa da ni, 'ya'yana, ku haɗa da ni." Ita ta ɓata muku aiki ranar nan. Da 'yan sanda suka ɗauke shi, abin da ya rage a wurin jini ne a kan yashi da silifas guda, na ƙafar hagu, wanda aka maƙale igiyarsa da ƙusa. Wayar da aka ce ya sata, har na bar kasuwar ban ga wanda ya nuna ta ba.

Abin da ya fi burge ni a lamarinku shi ne iya tantance wanda ya cancanci duka. Ba kowa kuke taɓawa ba, kun san na gida. Ga dillalin da ya sayar wa mutum uku fili ɗaya, ga mai awon da ya bubbuge gindin mudunsa, ga Alhajin da ya lanƙwame gadon marayun ƙanensa, kowa a unguwa ya sani har yara. Idan ɗayansu ya fito daga mota ku ne masu rige-rigen durƙusawa, "Ranka ya daɗe, an fito lafiya?" Ku ne masu ajiye masa gurbi a sahun gaba. Wannan ita ce tarbiyya. Babba ai ba a kiransa ɓarawo a bainar jama'a, sai dai a ce Allah ya buɗa masa.

A watan Janairun 2013 wani babban jami'in ofishin fanshon 'yan sanda ya amsa laifinsa a gaban kotu a Abuja kan biliyoyin nairori na tsofaffin da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a bakin aiki. Aka ba shi zaɓin biyan tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida, sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan rangwame. A tsawon shekarun nan ban ji kun nemi ko tsinke ba, kuma ban so ku nema ba, na dai lura da irin haƙurinku. A 2018 ɗin kuma aka ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin JAMB na Makurdi, kuka yi dariya har da riƙe ciki. Da ɗan tallan gyaɗa ne ya ce maciji ya haɗiye masa cinikin yini, da ya gane kurensa.

Ashe ma kuna da tausayi, na kusa mantawa. Ranar da aka kama wani magidanci ya lalata 'yar maƙwabcinsa mai shekara 12, nan ake ganin taushin zuciyarku. Dattawa su taru a zaure, a rage murya, a ce mutum ne mai iyali, sharrin shaiɗan ne, a rufa asiri, a sasanta. A bi uban yarinya da "ka yi haƙuri, ƙaddara ce", har ya ji kunyar zuwa wurin hukuma. Ita kuwa a cire ta daga makaranta a tura ta ƙauye wurin gwaggonta, matan unguwa su bi ta da cewa dama idonta a buɗe yake. Madalla da wannan sulhu. Mai laifi ya koma shagonsa, yarinya ta tafi da abin kunyar da ba ita ta jawo ba.

Kada ku ɗauka ku kaɗai ne da irin wannan kotu, tana da rassa ko'ina. A watan Oktoban 2012, a Aluu kusa da Fatakwal, an yi wa ɗaliban jami'a huɗu ihun ɓarayi, aka tuɓe su, aka doke su, aka rataya musu taya aka cinna wuta, ana ɗauka a waya. A watan Maris na 2025, ana saura kwana kaɗan ƙaramar sallah, aka tare motar mafarautanmu a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa Kano. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 aka ƙone su. Ranar nan duk mun yi kuka, kuma kukan ya dace. Na ji da kunnena masu cewa, "Ko tambayarsu ba a yi ba! Ina hukuma? Ina shaida?" Ashe kun san ana tambaya, ashe kun san akwai wani abu wai shi shaida. Laifi tudu ne. Ƙungiyar Amnesty ta ƙirga mutum 555 da irin wannan hukunci ya rutsa da su a Najeriya tsakanin 2012 da 2023, waɗanda labarinsu ya fito ke nan.

Kishin addininku kuwa ya wuce na magabata. Wani baƙauye ya yi fitsari a masallacin Madina, sahabbai suka taso masa, Manzon Allah (SAW) ya hana su, ya sa aka zuba bokitin ruwa a wurin, ya kira mutumin ya koya masa. Da wata mace 'yar babban gida daga Banu Makhzum ta yi sata aka turo Usama ɗan Zaidu ya nema mata sassauci, ran Manzon Allah ya ɓaci, ya gargaɗi jama'a da halakar al'ummomin da ke ƙyale babba su hukunta mai rauni. Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa. Malamai suka gindaya sharuɗɗa: a tabbatar da shaidu ko iƙirari, a duba darajar abin da aka sata da inda aka ajiye shi, kuma alƙali ne zai yanke. Ku kun ga duk wannan jan ƙafa ne, kwalbar fetur da ashana sun wadatar.

Na san amsarku. Za ku ce in an miƙa ɓarawo ga hukuma da safe, da yamma sai a gan shi a majalisa yana shan rake. Gaskiya ne hakan na faruwa, kuma yana ƙona rai, ni ma an taɓa yanke mini aljihu na san zafin. Amma wanda ya karɓi na goro ya sake shi yana nan a kujerarsa, kun san ofishinsa, kuna wucewa ta gabansa kullum kuna ɗaga masa hannu. Fushin da kuka kasa kai wa can shi kuke saukewa a kan mai silifas ɗin ƙusa. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, kuma bai ware ɗan talaka ba.

Kai mai karatu, gobe ko jibi za ka ji an yi ihun ɓarawo a kasuwa ko a tasha. Don girman Allah, kafin ka duƙa ka ɗauki dutse, tambayi me ya sata da kuma wanda ya gan shi. In ƙarfinka ya kai, ka tsaya inda dattijuwar nan mai daddawa ta tsaya har hukuma ta iso.