Wasiƙa Zuwa Ga Wayar Salula, Kan Sa'a Guda Da Nake Biɗa

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan cajinki bai ƙare ba, ina rubuto miki wannan takarda da alƙalami a kan warƙa, ba don ƙasaita ba, sai don na tabbata da a jikinki na fara ta, da kafin in gama basmala kin riga kin kawo mini hoton bikin wanda ban sani ba, da rigimar waɗanda ba su san da zamana ba.

Tun shekarar 2001 da kika sauka ƙasar nan, lokacin da kuɗin layinki kaɗai ya fi ƙarfin talaka, muka karɓe ki hannu bibbiyu, kuma ba na inkarin alherinki, domin kin sada zumunta, kin hutar da mu hawa mota saboda saƙon da bai wuce kalma uku ba. Amma daga aljihu kika koma gefen akushi, daga nan kika shige ƙarƙashin matashin kai, har abin ya kai sai an manna takarda a bangon masallaci ana roƙon jama'a su rufe miki baki kafin a tayar da iƙama.

Ga inda ƙarata take. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe littafi guda cikin Ihya'u Ulumid Dini kan muraƙaba da muhasaba, inda ya nemi mutum ya zauna da ransa a ƙarshen yini, ya bi diddigin riba da hasara yadda ɗan kasuwa ke yi da abokin cinikinsa. Malamanmu na zaure kuwa, waɗanda fitilar aci-bal-bal ta ishe su, kowane yana da kundi a gafaka, inda yakan rubuta fa'idar da ya ji, da ranar haihuwa, da ranar rasuwa, da shekarar da ruwa ya yi gardama. Ke ma, in gaskiya za a faɗa, kina hisabi, tunda duk mako kina aiko mini da lissafin sa'o'in da na ɓatar ina shafa fuskarki, har da zane mai launi. Sai dai ban taɓa jin ɓarawon da ya kwashe kayan mutum sannan ya dawo masa da rasidi ba sai ke. Lissafinki bai san tuwo ya huce ba, bai kuma san ƙaramin yaro ya ja hannun rigata yana cewa Baba, har ya gaji ya tafi.

Saboda haka na sayi littafin rubutu mai warƙa tamanin, kuma ina sanar da ke, cikin ladabi, cewa daga sallame Magariba zuwa kiran Isha'i za ki zauna a aljihun tebur. A wannan sa'a zan rubuta wanda na saɓa wa, da alkawarin da na cika, da abin da ya faranta mini rai, ko da layi biyu ne. Kada ki wahalar da kanki wajen tallata mini manhajar natsuwa, na ga irinta, ita ma ƙararrawa take bugawa. Wanda yake da larura ta gaggawa ya san ƙofar gidana.

Wassalamu.

Naki mai biyan kuɗin data,
Wani bawan Allah.