Zuwa Ga Mati Na Damari, Mai Wayar Da Ta Yi Aljanu

Mati ɗan Gwaggo, bawan gado, gaisuwa irin ta ubangida da yaronsa. Ina fatan masara ta yi kyau bana, kuma ka daina karɓo bashin taki da sunana.

Labari ya iso mini har Funtuwa, kuma ba daga baki ɗaya ba, wai wayarka ta yi aljanu. Duk shafin da ka buɗe, na labarai ne ko na ƙwallo, sai ga hoton akwatunan lefe reras, har da farashi a ƙasa. Aka ce ran nan Uwargida ta ari wayar za ta duba wani abu, akwatuna suka yi mata sallama, tun daga ranar tuwonka ke zuwa ba man shanu. Wai har ka kai wa malam wayar ya tofa mata, ka kuma ɗauki gaba da maƙwabcinka kana zargin shi ya yi maka ture. Ka bar malam ya huta, ka je ka ba maƙwabci haƙuri. Wanda ya tona maka asiri yana nan manne a hannunka na dama, babban yatsanka ne.

Abin da ke bin ka sunansa kukis. Ɗan guntun rubutu ne da shafin intanet ke ajiyewa a cikin burauzarka, wato manhajar da kake shiga intanet da ita, Chrome ce ko Opera Mini ko Phoenix ɗin da ta zo da wayarka. Wani matashi mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a 1994, lokacin yana aiki a kamfanin Netscape a Amurka. Dalili kuwa, shafin intanet ba ya riƙe fuskar kowa. Ka zaɓi kaya a shafi na farko, kana matsawa na biyu ya manta da kai da kayan. Sai aka nemo hanyar da zai riƙa gane baƙon da ya dawo.

Tunda kanka ba ya ɗaukar karatu sai da misali, tashi mu je rumfar mai cajin waya. Ka miƙa masa waya, ya liƙa mata lamba, ya ba ka ɗan kati mai wannan lambar. Bai tambayi sunan kakanka ba, bai damu da hularka ba. In ka dawo ka nuna kati, ya miƙo maka wayarka. To haka shafi yake ba burauzarka kati, ita kuma duk sanda kuka koma sai ta nuna. Katin nan bai wuce kilobayit 4 ba, saboda haka ka daina cewa shi ya cika maka waya. Bidiyoyin barkwanci da kake tarawa ne suka cika ta. Ba ƙwayar cuta ba ne, ba ya buɗe hotunanka, ba ya kuma sauraren hirar da kuke yi a majalisa.

Akwai masu amfani a cikinsu, kada ka ce na zuga ka ka yi musu kuɗin goro. Su ne ke sa ba sai ka rubuta kalmar sirri kullum ba, su ne ke tuna cewa Hausa ka zaɓa, su ne ke riƙe maka kayan da ka tara kafin ka biya. Wasu da ka rufe burauza sun mutu. Wasu kuma suna daɗewa, har sai da masu Chrome suka yanka musu wa'adi a 2022, suka ce kada su wuce kwana 400. Sai dai duk sanda ka koma shafin yana iya sabunta wa'adin.

Masu akwatin lefe daban suke. Da ka shiga shagon intanet kana leƙen akwati da tsakar dare, ba kai da mai shago kaɗai ne a wurin ba. A cikin shafin akwai ɗan aiken kamfanin talla a laɓe, shi ma ya ba ka nasa katin, ya rubuta a littafinsa cewa mai lamba kaza ya daɗe yana kallon akwati. Washegari ka buɗe shafin ƙwallo, ashe kamfanin yana da ɗan aike a can ma. Burauza ta nuna kati, ya gane ka, ya turo maka abin da zuciyarka ke so. Da injin ban-ruwa ka nema, da shi za ka yi ta gani, da yanzu kana cin tuwonka da man shanu. Abin da mutum ya shuka shi yake girba.

Kuma fa an tambaye ka kafin a yi. Ka tuna ɗan allon nan da ke tare maka rabin shafi da Turanci, wanda kake dannawa da sauri don ya kauce? Izini ake nema. Tarayyar Turai ce ta gyara dokarta a 2009 ta ce sai an nemi yardar mutum kafin a ajiye masa kukis ɗin da ba dole ba ne, sannan babbar dokarsu ta kare bayanai ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018. Kamfanoni kuwa ba a raba su da wayo. Sai suka yi wa maɓallin amincewa kala mai ɗaukar ido, suka tura na ƙi can cikin lungu. A kan haka ne a Janairun 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa ta sanar da tarar Yuro miliyan 150 a kan Google da miliyan 60 a kan Facebook, don karɓa dannawa ɗaya ce, ƙi kuwa sai ka sha zagaye.

Kada ka ce wannan maganar Turawa ce. Mu ma muna da tamu. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. A Agustan 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar Naira miliyan 555.8, kuma cikin abubuwan da ta ambata har da amfani da kukis ba bisa ƙa'ida ba, ko da yake bankin ya musanta laifin. Ka gani, hukuma guda na Abuja tana faɗa a kan haƙƙinka, kai kuma kana Damari kana rabar da shi kyauta, ko tayi ba ka jira.

Na san inda ka samo wannan gaggawa, kuma a nan kaɗai zan yi maka uzuri. A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, har mu nan Funtuwa ba mu tsira ba. Sai a Disamba aka fara dawo da su. Wanda ya yi watanni yana neman sabis ido rufe, in shafi ya buɗe masa ba ya tsayawa karatu. Allah ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa. Amma uzurin ya ƙare, Mati, sabis ya dawo, hankali ne bai dawo ba.

Talla ma da sauƙi, abin kunya ne kawai. Babban haɗarin yana wani wuri. Mai caji kati ya sani, duk wanda ya kawo shi zai tafi da wayar. Haka in ka shiga imel ɗinka ko Facebook a kwamfutar shagon buga takardu, ka tashi ba ka fita ba, wanda ya zauna bayanka ya gaji katinka, ba ya buƙatar kalmar sirri. Haka in ka sayar da waya ba ka goge ta ba. Akwai kuma ɓarayin intanet da ke turo manhajar banza da sunan tallafi ko kyautar data, aikinta kwashe irin waɗannan katuna. Kai da ko tallafin gyaran wata aka ce ana rabawa sai ka cike fom, wannan gargaɗi naka ne.

Ga magani, ba sai da rubutun sha ba. In allon nan ya fito, ka nemi inda aka rubuta “Reject all” ko “Necessary only” ka danna. In babu, ka shiga “Manage” ka kashe na talla. Yawancin shafuka za su buɗe maka lafiya lau. Sannan a Chrome ka taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka shiga “Settings”, ka wuce “Privacy and security”, ka toshe “Third-party cookies”, su ne na 'yan aiken talla. Kai za ka yi da hannunka, domin Google ya yi alkawari a 2020 zai kawar da su daga Chrome, ya yi ta ɗaga rana, a 2024 ya janye maganar. Firefox tun 2019 take tare masu bin sawu da kanta, Safari ta masu iPhone kuma ta toshe su gaba ɗaya a 2020, amma ina kai ina iPhone.

A nan wurin dai za ka ga “Delete browsing data”, inda ake share waɗanda suka riga suka taru. Kafin ka taɓa shi ka tabbata kana tune da kalmomin sirrinka, don yawancin shafuka za su kore ka waje sai ka sake shiga. Na san yaron shagon waya ne ya buɗe maka imel, shi kaɗai ya san kalmar. Je ka karɓo, ka canza ta, kuma kada ka sa shekarar haihuwarka, tunda kai ma ba ka tabbatar da ita ba.

In dole sai ka yi amfani da wayar wani ko kwamfutar shago, buɗe shafin “Incognito”, kana rufewa kukis ɗin wannan zama sun tafi. Amma kada ka ɗauka layar zana ce. Shafin da ka shiga yana ganin ka, kamfanin layinka ya san inda ka leƙa, Uwargida kuwa ta riga ta gani, wannan sai dai ka je ku daidaita da baki. Ka kuma sani sharewa ba ta goge abin da kamfani ya riga ya rubuta a littafinsa, kuma manhajoji irin su TikTok suna da tasu hanyar gane waya, wato lambar talla, wadda ake gogewa a saitin wayar, sashen “Ads”.

Cika-ciki na nan tafe, na san za ka zo da ƙoƙon bararka karɓar kuɗin shara. Bana da sharaɗi. Sai ka miƙo waya na duba na ga ka share ta, ka kuma kawo shaida cewa ka koya wa mutum biyu a majalisarku. Ku kuma masu karatu da kuke ta yi wa Mati dariya, kowa ya ciro tasa wayar ya duba, na rantse da yawanku kun fi shi saurin yatsa.