Haƙorin Makka da Burodin Alkama

Surukina, dattijo mai ciwon sukari wanda likita ya raba shi da burodin kanti, ya aiko cewa zai sauka a gidana jiya Laraba, sai na ga babu karramawar da ta kai in gasa masa da hannuna irin ƙananan dunƙulen burodin nan na alkama tsantsa, waɗanda Turawa ke ajiyewa a gefen abincin dare. Mai ɗakina ta nemi in bari ta yi masa alkubus, abin da ta gada wajen kakarta kuma bai taɓa ba ta kunya ba, na amsa mata cewa alkubus aikin tururi ne kurum, gashi kuwa ilmi ne, ilmin yana cikin littafi, littafin kuwa ga shi a hannuna. Ta ce, "To, Malam, Allah ya ba da sa'a," ta janye tabarmarta zuwa inda za ta riƙa ganina sosai.

Alkamar daga kasuwar Dawanau na auno ta, mai awon ya rantse mini ta Kadawa ce, noman rani da ruwan Tiga, na kai inji aka niƙa, na hana a tankaɗe domin dusar ce likita yake so. Littafin ya ce a jiƙa yis da ruwa mai ɗumi, kasancewarsa halitta ce mai rai wadda ɗumi ke farkarwa. Ni kuwa da na dubi yadda hunturu ya kankama, sai na yi ƙiyasi cewa abin da ɗumi ke tayarwa sannu a hankali, tafasasshen ruwa zai tayar da shi nan take. Marubucin, Allah ya shirye shi, sai a shafi na gaba ya ga damar faɗin cewa yis yana mutuwa idan zafi ya kai wajen digiri 60, kuma dusa tana shan ruwa a hankali, saboda haka kada a yi gaggawar ƙara gari don kwaɓi ya manne a hannu, alhali ni a lokacin na riga na ƙara har kwano ya ga ƙasa. Kwaɓin bai tashi ba, na ce wuta za ta cika ladan. Na zuba yashi a tukunya, na jera dunƙulen, na rufe, garwashi sama da ƙasa, ƙamshi ya cika unguwa, wanda a yau nake lissafa shi cikin manyan masu shaidar zur.

Bayan Magariba na kai faranti zaure, na durƙusa can gefe kamar yadda ladabin surukuta ya hukunta, sai ga maƙwabcina ya yi sallama, wai ya zo gaida baƙo. Mutum ne wanda Allah ya hore wa fatawa a kan kowace mas'ala, tun daga rabon gado har gyaran keke, kuma bai taɓa jiran a tambaye shi ba. Ya ɗauki dunƙule ɗaya, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce shi ya riga ya ci abinci, ya mayar.

Surukina kuwa, da yake mutum ne mai kara, wanda ba zai ƙi abin da mijin 'yarsa ya wahala a kansa ba, ya yi bisimilla, ya kai dunƙulen gefen dama na bakinsa, ya matsa, burodi bai san ana yi ba. Ya fito da shi, ya dube shi, ya juya shi yana neman wajen da ya fi rauni, bai samu ba, domin abin ya fito ne sak dutsen goge kaushi, ko'ina ƙarfinsa ɗaya. Daga nan ya yi niyya ta gaskiya, ya kawo shi gaba, daidai inda haƙorinsa na Makka yake, wanda ya sa tun shekarar da ya sauke farali, wanda kuma da shi aka san murmushinsa a garinsu fiye da shekara talatin, ya runtse ido, ya ciza. Na ji ƙas! Ƙara ce 'yar ƙanƙanuwa, wadda da ana hira ba za a ji ta ba, amma ba a hira. Ya janye hannunsa sannu, burodin ya fito, ga zinariya a kafe a jikinsa tana walƙiya cikin hasken fitila, ga kuma inda ta baro, wani ɗan guntun baƙin haƙori wanda bai ga duniya ba tun kafin a haifi matata.

Mu uku muka zura wa burodin ido. Na so in ce sannu, na ga sannu ta yi kaɗan. Na so in ce inna lillahi, na ga kada ya zaci ina yi wa haƙorin ta'aziyya ne. Bilhasali ban ce kome ba, sai gwiwoyina da ke rawa a kan daɓe. Shi ne ya fara magana, yana rufe baki da gefen rawani, iska na fita ta giɓin, ya ce, "Madalla, ɗana. An ga aiki. Allah ya yi albarka." Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. A sallar Isha'i wannan ƙas ɗin ya dawo mini a ruku'u, ya sake dawowa a sujada, har na kawo raka'a ta biyar ban sani ba, sai da na yi ba'adi. A bayan labule kuwa akwai wadda ke tari irin wanda ba na mura ba.

Maƙwabcina ya gyara zama, fuskarsa cike da annurin wanda ranarsa ta zo. Da farko ya bayyana cewa illar duka rashin kanwa ce, domin a ra'ayinsa babu wani abu mai tauri a duniya, har da zuciyar azzalumi, da kanwa ba ta sassauta shi. Sa'an nan ya ce kuskure ne namiji ya rufe kwaɓi da murfi, da zanen mace ake rufewa, kuma ya ce haka masu gurasa ke yi a Jakara, ko da yake na san bai taɓa leƙa tanderu ba. Da ya ƙare da sababi sai ya shiga hukunci. Ya ce, "Alhaji, diyyar haƙori a shari'a raƙuma biyar ce, wannan babu saɓani. Inda malamai za su yi tsayuwa shi ne, shin zinariyar haƙori ce ko tufar haƙori? In tufa ce, ƙima kawai za a biya. Kuma shin Malam ne ya cire shi, ko burodi, ko kai da ka ciza da zaɓinka?" Ya kawo hujjar kowane ɓangare yana lissafawa da yatsu, ya rinjayar da wannan, ya komo ya rushe shi, surukina na gyaɗa kai da baki a rufe, ni kuwa ina lissafin kuɗin raƙumi a zuci. Daga bisani, ba tare da kowa ya tambaya ba, ya ƙara da cewa taimama ba ta halatta a kan sauran dunƙulen, duk da kamanninsu, saboda asalinsu abinci ne.

Game da yadda za a raba zinariya da burodi, shawararsa ita ce a jiƙa su cikin shayi su kwana, in ba su rabu ba a ƙara sukari. Surukina ya ce a bari, ya fito da hankici, ya naɗe su tare, ya sa a aljihu. Alkubus ɗin da ashe an riga an turara a ɓoye tun La'asar shi ya ci, da ɓangaren hagu.

Yau da asuba ya kama hanya, burodi da haƙori a haɗe. Duk wanda ya san maƙerin farfaru mai amana, wanda ke karɓar biya kaɗan-kaɗan kuma ba ya yawan tambaya, ya taimaka ya aiko mini da kwatancen rumfarsa.