Mu da Gwamnan Alfawa

Duk wanda ya kwana biyu a Sabon Gari, nan cikin Sakkwato, ya san gwamnoni biyu gare mu. Akwai wanda muke bin layi cikin rana mu dangwala wa, akwai kuma Bawa Maikada na jihar Alfawa a shirin Kwana Casa'in, wanda ke shigo mana har tsakar ɗaki daren Lahadi ta akwatin talabijin. Kuma in za a bi ta gaskiya, na biyun ya fi shan bincike a hannunmu. Bawa Maikada bai taɓa ƙulla wani makirci a ɓoye ba face mun gan shi, mun kuma yanke masa hukunci tun kafin a tafi talla. Mun san wanda ya ci amanarsa, mun san wanda ya ci amanar, mun san ranar da ya yi ƙarya da irin hular da ke kansa a ranar. Amma tambayi ɗayanmu alkawari uku da ɗan majalisar mazaɓarmu ya ɗauka lokacin kamfe, sai ka ga mutum yana sosa ƙeya yana duban sama kamar mai neman jinjirin wata.

Mu fara da mazan, don su ne suka fi musu. Da rana, in ka ce wa magidanci a unguwar nan yana kallon Kwana Casa'in ko Daɗin Kowa, sai ya ɗaure fuska ya ce wannan ai aikin mata da yara ne, shi labarai kawai yake saurare. To, bari a sallame Isha'i ka zo wurin mai shayinmu. Ƙaramar talabijin ce a kan teburi, tsakanin gwangwanayen madara da tulin burodi, an jona ta da batirin sola saboda ba a yarda da wuta ba. Benci biyu sun cika, 'yan kabu-kabu sun jera babura a gefe, kowa zaune a kan nasa, fasinja na kira ana ce masa ya ɗan dakata. Shi kansa mai shayin ya tsaya da kofi a hannu ɗaya, ludayi a ɗayan, ƙwai na ƙonewa a kasko ba wanda ya ji ƙauri. Can sai wani dattijo mai sayar da goro, wanda ya rantse mana shi bai san ma tashar da ake nunawa ba, ya buga cinya ya ce, "Kai, wanga mutum ba shi da tsoron Allah! Ba shi na ya ce ba ya sake ba wancan mako?" Wani yaro ya ce, "Baba, ashe kuna kallo?" Ya ce, "Mi kake hwaɗi? Wucewa ni kai, idona ya faɗa." Wucewar da ake yi duk mako, a benci ɗaya, a gefe ɗaya, har da ajiye takalmi don kama wuri.

Matan kuwa ba ruwansu da ɓoye-ɓoye. Tun da Aminu Saira ya kawo Labarina a 2020, daren Juma'a ya zama na Sumayya, kuma gidajenmu suka rabu jam'iyya-jam'iyya ba tare da an yi rajista da kowa ba. Ga 'yan Mahmud, ga 'yan Presido, ga 'yan Lukman, kowa da wanda yake so Sumayya ta aura. A gidan kitso an sha barin kai rabi a tsefe ana gardama, a gidan suna an sha barin tuwo ya huce. Wata Inna a layinmu, wadda jikokinta sun kai goma, ta taɓa cewa da ita ce uwar yarinyar nan da tuni ta zaɓa mata miji kowa ya huta, kuma har ranta take faɗi, don ta ɗauke ta 'ya. Ga Baba Ɗan Audu kuma, wanda Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa: a tsine masa da dare, da safe a ji yara da manya suna kwaikwayon maganarsa a bakin famfo. Haka muke. Mugun da ya iya baki ba ya rasa masoya a wurinmu, a fim ne ko a kan mumbarin kamfe.

Sannan aka wayi gari Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa ta zama Sumayya. Wayyo, ranar ka ce an yi mana juyin mulki. Wasu suka yi rantsuwa sun bar kallo har abada, wasu suka ce ai mutum ba riga ba ne da za a cire wannan a sa wancan a ce mana shi ne. Magana mai ma'ana ƙwarai. Sai dai mu ɗin nan da muka kasa haƙuri da sauya fuska ɗaya a wasan kwaikwayo, mu ne muka fi kowa saurin haɗiye sauya sheƙa a siyasa. Aliyu Magatakarda Wamakko ya baro ANPP ya ci zaɓen 2007 a PDP, muka bi. A 2013 ya koma APC, muka ninke lema muka ɗauki tsintsiya. A 2018 Aminu Waziri Tambuwal ya bar APC ya koma PDP, rabinmu suka sake zaro lemar daga ƙarƙashin gado, ashe ba a yar ba, ajiya aka yi. Akwai gidan da in ka buɗe akwatin maigida za ka tarar da hulunan jam'iyya uku a jere, har da ta DPP ta zamanin da Attahiru Bafarawa ya nemi shugaban ƙasa, kowace tana jiran ranarta.

Kuma ku duba yadda labarin namu yake maimaita kansa. Wamakko mataimakin Bafarawa ne, suka raba gari, ya zo ya gaji kujerar. Ahmad Aliyu mataimakin Tambuwal ne, suka raba gari a 2018, ya kara da shi a 2019, ya zo ya hau kujerar a 2023. Da wani marubucin fim ne ya kawo mana haka sau biyu a shiri ɗaya, da mun cika Facebook da cewa basira ta ƙare masa, ya rasa abin rubutawa sai jan zango. Amma da yake namu ne, kowane karo sai mu buɗe baki muna mamaki kamar yau aka fara.

Wannan son wasan ba yau muka same shi ba. Waɗanda suka girma a zamanin talabijin mai baƙi da fari suna tuna yadda yaran layi guda ke cika tagar gidan da ke da ita don Samanja Mazan Fama, a kore su su dawo, a kashe fitila su ƙara matsowa. Abin da ya sauya shi ne, tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan YouTube ya kawo irin su Izzar So, wasan ya bar tagar maƙwabci ya shiga aljihun kowa. Wanda aka ɗauke wa wuta jiya, da safe yana rumfar mai caji ana tura masa a waya. Kuma akwai wata doka da ba a rubuta ba amma kowa ya san ta: wanda ya riga kallo ba ya ba da labari. Karya ta ka ga yadda zumuncin shekara ashirin ke girgiza.

Sai kakar zaɓe ta zo, abubuwan biyu su cakuɗe har ka rasa gane wanne ake tattaunawa. Fastoci su rufe bangon makaranta da turakun wuta, motoci masu lasifika su yi ta zagaye da waƙoƙin 'yan takara tun hantsi, a majalisa kuwa kowa ya zama mai sharhi. Wannan ya ce ɗan takararsu Malam Adamu na Kwana Casa'in ne sak, mutumin kirki mai tausayin talaka, na wancan ɓangaren kuwa Bawa Maikada ne har tafiyarsa. Na wancan ɓangaren ya ce a'a, an dai juya hoton. Ban taɓa jin wanda ya ce nasa ne Bawa Maikada ba. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Har tausayin Sani Mu'azu, mai fitowa a matsayin Bawa Maikada, nake ji, mutumin da ya yi aikinsa da kyau har ya jawo wa fuskarsa tsinuwar da ba tasa ba, shi kuma Ado Ahmad Gidan Dabino, marubucin In Da So Da Ƙauna, ya kwashi addu'ar da aka yi wa Malam Adamu da ya fito a matsayinsa. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Shekarar 2019, wadda a cikinta aka fara nuna Kwana Casa'in, ita ce ta ba mu wasan da ya fi na Alfawa tsayar da numfashi. Aka yi zaɓen gwamna a watan Maris, aka ce bai kammalu ba, kalmar inkonkulusib ta shiga bakin tsofaffin da ba su taɓa zama aji ba. Mako biyu muna kwana da rediyo a kunne, kowa da takardar lissafinsa, yaran da suka faɗi darasin lissafi suna tara ƙuri'un ƙananan hukumomi 23 da ka. Aka sake zaɓe a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris, Tambuwal ya tsira da ratar ƙuri'a 342 a kan Ahmad Aliyu, alhali kowannensu ya haura dubu ɗari biyar. Ɗari uku da arba'in da biyu! Mutanen da ke zuwa ɗaurin aure ɗaya a unguwar nan sun fi haka. Kuma na san mutane a majalisarmu, cikin waɗanda muryarsu ta dushe saboda gardama a makonnin nan, da ba su fita ranar zaɓe ba. Wani katinsa na ƙauye, wani ya ce rana ta yi zafi, wani ya ce ai an riga an rubuta wanda zai ci. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Su ne kuma ba su taɓa makara wurin mai shayi ba daren Lahadi.

A layinmu akwai tela da mai shagon kayan masarufi, ƙofa na kallon ƙofa, 'ya'yansu makarantar allo ɗaya. Zaɓen nan ya raba su. Wata da watanni ba sallama, matansu suka daina aika wa juna ɗanɗanon miya, tela ya gwammace ya taka har bakin titi sayen ashana. Dattawa suka sa baki abin ya ƙi. Abin da ya haɗa su benci ne. Wani dare wuri ya cika, babu sauran gurbi sai kusa da juna, suka zauna kowa ya kau da kai. Ana cikin kallo aka nuno yadda ake cutar wani talaka a Alfawa, sai duk biyun suka ja tsaki lokaci ɗaya. Mai shago ya ce, "Ka ga abin da anka yi mai?" Tela ya ce, "Awo, na gani, Alhaji. Allah shi isar mai." Shi ke nan. Mai shayi bai ce komai ba, ya haɗa kofi biyu ya tura musu. Su kuwa manyan da aka yi faɗan dominsu, ko sunan layin ba su sani ba, kuma in an haɗu a ɗaurin auren 'ya'yan manya ko gaisuwar Sallah a fadar Sarkin Musulmi, hannu suke ba juna suna dariya.

Akwai wadda ta fi ci mini rai, kuma duk muna ciki. In aka nuno ɗan jarida ko jami'i yana karɓar ambulan a Alfawa, benci gaba ɗaya sai ya ɗauki salati, a ce irin waɗannan su suka kashe ƙasa. In aka nuno an ba yara ƙwaya da makami a tura su tarwatsa taro, mata su yi ta share hawaye suna cewa ina iyayensu. To, iyayensu mu ne. Yaran da ke rataye a bayan motocin kamfe da sanduna ba daga sama suka faɗo ba, daga zaurukanmu suka fita, kuma mun ga fitarsu. A 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuyar gani, mun ga yadda taliya da atamfa da sabulu suka maye gurbinta, kuma da wuya gidan da ledar ba ta shiga ba. Ba na zagin wanda ya karɓa, yunwa ba ƙanwar uwar kowa ba ce, kuma wanda ya kwana bai ɗora tukunya ba ba a yi masa wa'azin taliya. Abin da ke damuna shi ne wanda ya karɓa ya kuma ɗauka an biya shi ke nan, shekara huɗu ba zai sake tambayar ina ruwan famfo, ina maganin asibiti, ina malamin makarantar 'ya'yansa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma wannan ladan ai daga aljihunmu aka ciro shi tun farko.

Kuma ba wai ba mu iya tsayawa kan abu ba ne. A watan Mayun 2025, da hukumar tace fina-finai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, kan batun kai su tantancewa kafin a saki, unguwar nan ta ɗauki zafi kamar an rufe kasuwa. Matan da ba su san sunan kansilansu ba suka san sunan shugaban hukumar, Abba El-Mustapha, suka san dokar da aka ce an karya, suka bi labarin kullum har suka ga inda ya kwana. Ashe muna da ido, muna da riƙo, muna da bakin tambaya. Mutanen da za su tuna maka abin da Kamaye ya gaya wa Adama a Daɗin Kowa shekara biyar da ta wuce ba za a ce musu masu mantuwa ba.

Don haka 'yan uwana na Sabon Gari, maza da mata, masu kallo a fili da masu kallo a wucewa, fastoci za su sake hawa bango, masu lasifika za su sake hana mu barcin rana. In ɗan takara ya shigo layinmu, a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa, sannan a zauna masa irin zaman da muke yi wa Bawa Maikada, a tuna masa abin da ya faɗa wancan zangon da bakinsa. Wanda katinsa ke ƙauye ya nemi a dawo masa da shi nan, wanda bai karɓi nasa ba ya je ofishin hukumar zaɓe ya karɓa. Kada kuma wani ya sake daina gaida maƙwabcinsa saboda hula. Daren Lahadi bayan Isha'i muna wurin mai shayi, Baba mai goro an ajiye maka gefenka, kowa ya zo da kuɗin shayinsa.