Alhaji, Wannan Tumbin Ba Hutu Ba Ne

Ka ce ciwon suga ba zai kama ka ba, don shekara goma ke nan ba ka zuba sukari a shayi? Madalla, Alhaji. To malmalar tuwon shinkafa uku da ka narka jiya bayan isha'i fa, ina suka nufa? Shinkafa, burodi, taliya, duk sukari ciki yake mai da su. Ka kori cokali ta ƙofa, ka shigo da buhu ta taga.

Ka ce ai tun kana saurayi haka kake ci? Ban musa ba. Amma a lokacin da ƙafa kake zuwa gona, ka dawo ka hau keke zuwa kasuwa. Yau sallar Juma'a a bayan layi ma sai an tayar da mota. Da zarar mutum ya haura 45, tsoka na raguwa, jiki ya fara yi wa insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini, kunnen ƙashi, sukari ya yi ta yawo a jini babu mai karɓarsa.

Tumbin nan da kake shafawa kana kiransa hutu, kitsensa ne kan gaba wajen wannan tawaye. In ka je wurin tela, sa ya auna ka daidai cibiya, ban da riƙe numfashi. Inci 37 ya isa a ja maka kunne. Hajiya, daina dariya, taki iyakar ma ba ta kai 32 ba. In kuma suga ya taɓa hawa miki da juna biyu, ko kin haifi jaririn da ya wuce kilo 4, kina gaban Alhaji a layi.

Kai kuma Malam siriri, na ga kana murmushi, wai ciwon masu kuɗi ne. Mahaifiyarka da ta yi fama da shi, attajira ce? Ana gadonsa ba tare da an je gaban alƙali ba, kuma hawan jini abokin tafiyarsa ne.

Ka ce tururuwa ba ta bin fitsarinka? Yaushe tururuwa ta zama likita? Sai sukarin jini ya kai wajen 180 yake zubowa a fitsari, alhali daga 126 kafin karin kumallo ciwon ya riga ya shimfiɗa tabarma. Yakan yi shekaru shiru yana cin ido da ƙoda.

Gobe da safe, kafin koko da ƙosai, ka je asibiti a ɗiga jinin yatsarka. Ka tafi da ƙafa, Alhaji.